Ƙiba daban, kumburi daban: Inda ma'aunin BMI ke tuntuɓe a Haɗejia

Duk mai wayar hannu a yau zai iya jin hukunci a kan jikinsa cikin ƙasa da minti ɗaya. Ya hau sikeli, ya san tsawonsa, ya zuba lambobin biyu cikin manhaja, sai ta faɗa masa ko ramamme ne, ko daidai yake, ko ƙiba ta yi masa yawa. Wannan lissafi shi ake kira BMI. Tuni ya fita daga ɗakin likita ya shiga TikTok da Facebook da zaurukan WhatsApp na mata, inda mai tallar shayin rage teɓa da mai tallar maganin ƙiba kowa ke kafa hujja da shi.

Lissafin ba shi da wuya. A ɗauki nauyi a kilo, a raba shi da tsawo a mita, abin da ya fito a sake raba shi da tsawon. Mace mai tsawon mita 1.60 da nauyin kilo 55 za ta samu 21.5. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, ƙasa da 18.5 rama ce, daga 18.5 zuwa 24.9 daidai ne, daga 25 zuwa 29.9 nauyi ya zarce, daga 30 zuwa sama kuwa ƙiba ce mai haɗari.

Matsalar ita ce sikeli bai san abin da yake aunawa ba. Kilo ɗaya na tsoka, da kilo ɗaya na kitse, da kilo ɗaya na ruwan kumburi, duk ɗaya ne a wurinsa. A yanki irin na Haɗejia, inda aikin ƙarfi da yunwar damina da ciwon ƙoda da ciwon suga suke zaune a unguwa ɗaya, wannan makanta ba ƙaramar magana ba ce. Tana iya sallamar marar lafiya ya koma gida da kwanciyar hankali, tana kuma iya tura lafiyayye kemis neman maganin da zai illata shi.

Ba don asibiti aka ƙirƙire shi ba

Wanda ya fara wannan lissafi ba likita ba ne. Adolphe Quetelet masanin lissafi ne kuma masanin taurari a ƙasar Beljiyam, wanda a shekarun 1830 ya duƙufa wajen gano siffar "matsakaicin mutum" daga awon Turawan zamaninsa. Jama'a yake ƙirgawa, ba marar lafiya yake dubawa ba. Sai a 1972 wani masanin Amurka, Ancel Keys, ya gwada lissafin a kan mutum fiye da 7,000 daga ƙasashe biyar, ya raɗa masa sunan da ake kiransa da shi yanzu. Babu mace ko ɗaya cikin waɗanda ya auna.

Iyakokin ma mutane ne suka zauna suka ja su. A 1998 hukumomin lafiya na Amurka suka sauko da iyakar nauyin da ya zarce daga wajen 27 zuwa 25. Miliyoyin Amurkawa suka kwana daidai, suka wayi gari masu nauyin da ya wuce kima, alhali ko loma ɗaya ba su ƙara ba.

Su kansu masu ma'aunin sun fara ja da baya. A watan Yunin 2023 Ƙungiyar Likitocin Amurka ta ce bai kamata a dogara da BMI shi kaɗai wajen yanke hukunci a kan mutum ba. A Janairun 2025 wani kwamitin ƙwararru da mujallar Lancet ta tara ya ce sai an haɗa da awon ƙugu ko wani awon kitse kafin a kira mutum mai ciwon ƙiba. Amma muhawarar tasu kusan duk a kan ƙiba take, domin ita ce damuwarsu. Haɗejia na da damuwa a ɓangarori biyu na sikelin.

Ɗan dako da mai shago

A ɗauki mutum biyu masu tsawo ɗaya, mita 1.70. Na farko ɗan dako ne a kasuwar kifi, ko mai loda buhunan shinkafa da riɗi a mota, ko masunci da ke tuƙa kwale-kwale cikin kachala tun asuba. Nauyinsa kilo 76. Manhaja za ta ba shi 26.3, ta ce nauyinsa ya zarce, ya rage ci. Alhali abin da ke jikinsa tsoka ce da ƙashi, cikinsa a shafe.

Na biyu mai shago ne. Daga gida sai babur, daga babur sai benci, a gabansa shayi mai suga cokali huɗu da safe, taliya ko farar shinkafa da rana, lemon kwalba idan zafi ya tsananta. Hannuwansa da ƙafafunsa sirara ne, nauyinsa kilo 68. Manhaja za ta ba shi 23.5, ta ce lafiya lau. Amma idan aka zagaya tef a ƙugunsa za a samu santimita 96. Kitsen duk ya taru a ciki, kewaye da hanta da hanji, kuma wannan shi ne kitsen da ya fi alaƙa da ciwon suga da hawan jini da ciwon zuciya.

Cikin su biyun, wanda ya kamata a kira gefe a gwada jininsa shi ne wanda manhaja ta yaba wa.

Wannan ba hasashe ba ne. Wani babban nazari da Lancet ta wallafa a 2021, wanda ya haɗa bayanan manya sama da 600,000 daga ƙasashe 57 masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, ya nuna haɗarin ciwon suga na fara tashi tun daga BMI 23, wato a tsakiyar inda ake cewa daidai. A Birtaniya, hukumar da ke tsara wa likitoci ƙa'idojin aiki ta sauko da iyakar ga mutanen da asalinsu baƙaƙen fata ne na Afirka da kuma 'yan Asiya: nauyi ya zarce daga 23, ƙiba mai haɗari daga 27.5. Abin mamaki, Bahaushen da ke zaune a Landan za a auna shi da wannan iyaka, ɗan'uwansa da ke Malam Madori kuwa manhajar wayarsa na nan a kan 25 da 30.

Ga kuma sutura. Babbar riga da wando mai tazuge ba sa tona asirin tumbi. Mai ɗaura bel yana ganin ramin da ya koma, mai tazuge kuwa sassautawa kawai yake yi shekara da shekaru bai lura ba. Idan ma an lura, yabo ake yi: Alhaji ya samu kwanciyar hankali.

Lokacin da nauyi ruwa ne

Kuskuren da ya fi muni shi ne na kumburi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Mace mai tsawon mita 1.60 wadda ainihin nauyinta kilo 45 ne tana kan 17.6, wato ramammiya ce, tana buƙatar kulawa. Idan jikinta ya tara ruwa lita huɗu, sikeli zai nuna 49, lissafi ya ba ta 19.1. Ta shiga sahun masu lafiya a daidai lokacin da ciwonta ya tsananta. 'Yan'uwa ma su ce ai ta fara murmurewa, fuska ta ciko.

Mutanen wannan kwari ba baƙi ba ne ga abubuwan da ke kawo kumburi. An daɗe ana kokawa da yawan ciwon ƙoda a garuruwan da ke bin kogin, daga Haɗejia zuwa Nguru da Gashuwa, kuma ƙodar da ta gaza ba ta iya fitar da ruwa da gishiri yadda ya kamata. Ciwon yakan daɗe yana cin mutum shiru, sai an gwada fitsari da jini ake kama shi da wuri. Tsargiya, wadda ake ɗauka a ruwan fadama da magudanan noman rani, tana da nau'in da ke taɓa mafitsara da hanyar fitsari, da kuma wanda ke lalata hanta har ciki ya cika da ruwa. Ciwon zuciya ma na kumbura ƙafa, ciki har da wanda ke kama wasu mata bayan haihuwa, wanda likitoci suka daɗe da sanin yawansa a ƙasar Hausa. Ga mai juna biyu kuwa, kumburin fuska da hannu da ƙaruwar nauyi farat ɗaya na iya zama gargaɗin hawan jinin ciki da ke kai wa ga jijjiga. BMI ba a yi shi don masu ciki ba sam.

Gwajin kumburi ba ya buƙatar waya. A danna babban yatsa a bayan ƙafa ko a ƙwauri na ɗan lokaci, a ɗaga. Idan rami ya tsaya, ba ƙiba ba ce, asibiti za a nufa.

Akwai kuma batun lokaci. Manomin Auyo ko Kirikasamma ko Guri ba nauyi ɗaya yake da shi a watan Agusta da watan Disamba ba. A tsakiyar damina rumbu ya yi ƙasa, aikin gona ya kai maƙura, zazzaɓin cizon sauro na yawo gida-gida. Masu binciken da suka shafe shekaru suna bin mutanen ƙauyen Keneba a Gambiya sun rubuta yadda nauyin manya, har da mata masu ciki da masu shayarwa, ke sauka a damina ya dawo da kaka. Shekarar da ambaliya ta cinye gonaki, kamar yadda aka gani a masarautar a 2020 da 2022, kakar ma ba ta mayar da abin da damina ta ɗauka. Awo ɗaya a rana ɗaya ba ya faɗin wannan labari. Wanda ya sauka daga kilo 70 zuwa 62 cikin wata uku ba tare da ya yi niyya ba yana iya kasancewa a cikin "daidai" har yanzu, amma tarin fuka ko ciwon suga na iya zama sanadi. Saukar ita ce labarin, ba lambar da ya tsaya a kai ba.

Sha-ka-fashe

Ɓangaren da ya fi ɗaga hankali shi ne abin da 'yan mata ke yi da lambar. A al'adar da ake yaba amarya da cewa ta yi ɓul-ɓul, ake kuma tambayar matar aure siririya ko mijinta ba ya ciyar da ita, manhajar da ta ce wa yarinya "ramammiya ce" ta ƙara wa wuta fetur ne kawai.

Ba kowace siririya ce marar lafiya ba. Ƙirar jiki na shiga lissafin: mai dogayen ƙafafu da gajeren gangar jiki yakan samu BMI ƙasa da na mai gajerun ƙafafu ko da kitsensu ɗaya ne, kuma dogaye sirara ba su da wuyar gani a rugage da ƙauyukan wannan yanki. Yarinyar da ba ta kai shekara 18 ba ma ba da wannan jadawali na manya ake auna ta ba.

Amma mai kemis ko mai talla a intanet ba zai tsaya wannan bayani ba. Zai miƙo abin da ake kira sha-ka-fashe. Irin waɗannan ƙwayoyi da ruwan kwalba galibi sun ƙunshi cyproheptadine, maganin ƙaiƙayi da mura mai buɗe ciki da sa barci, ko dexamethasone, wanda likitoci ke bayarwa da taka-tsantsan don cututtuka na musamman. Wanda ya daɗe yana shan dexamethasone fuskarsa na zama zagaye, kitse ya taru a ciki da bayan wuya, jiki ya riƙe ruwa, suga da jini su hau, ƙashi ya yi rauni, garkuwar jiki ta faɗi. Sikeli zai nuna ƙari. Manhaja za ta ce an kai daidai. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Wadda ta riga ta daɗe a kan irin wannan magani kada ta yanke shi rana ɗaya, domin hakan ma na da nasa haɗarin. Likita ne ke rage shi sannu a hankali.

Kada a jefar da shi

Duk da wannan, masu cewa a yi watsi da BMI gaba ɗaya sun yi gaggawa, kuma yawanci maganar wasu ƙasashe suke maimaitawa. Ga aikin da aka ƙirƙire shi dominsa, wato duba halin jama'a, har yanzu yana da amfani, ga shi da araha. Da shi ne Binciken Lafiya da Yawan Jama'a na Najeriya na 2018 ya gano cewa kashi 12 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 ramammu ne, kashi 28 kuma nauyinsu ya zarce ko suna da ƙiba, daga kashi 22 a 2008. Ba don sikeli da sandar awon tsawo ba, da ba a ga yadda matsalolin biyu ke tafiya kafaɗa da kafaɗa ba.

Kuma ƙasan ma'aunin, wanda masu muhawara a Turai da Amurka ba su cika waiwaya ba, shi ne ya fi shafar karkarar Jigawa. Macen da ta shiga ciki tana ƙasa da 18.5 ta fi fuskantar haɗarin haifar jariri marar nauyi. Idan ma'aikaciyar lafiya ta auna matar aure ta ga 16 ko 17, wannan ƙararrawa ce ta gaske, ba abin da za a kore da cewa ai ma'aunin na Turawa ne ba. Abin da za a yi shi ne a tambayi dalili: abinci ne bai isa ba, ko haihuwa ce kusa da kusa, ko tsutsar ciki, ko tari.

Sai dai binciken na 2018 ya nuna wani abu da BMI ba zai taɓa gani ba: kashi 58 cikin 100 na matan ƙasar na fama da ƙarancin jini. Cikinsu akwai sirara, akwai matsakaita, akwai masu ƙiba. Mace na iya cika kujera amma jininta bai kai ya ɗauke ta ta tsallake zubar jinin haihuwa ba.

Binciken ya kuma sa Jigawa cikin jihohin da suka fi yawan yara masu tsumburewa, kusan biyu cikin kowane uku na 'yan ƙasa da shekara biyar. Waɗannan yara nan da 'yan shekaru su ne samari da 'yan matan Haɗejia. Masana sun daɗe da lura cewa jikin da ya sha yunwa a ciki ko a ƙuruciya, idan ya haɗu da suga da mai da zaman wuri ɗaya a girma, yakan kamu da ciwon suga da hawan jini tun bai yi wata ƙibar a zo a gani ba. A Afrilun 2025 Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Suga ta Duniya, a taronta na Bangkok, ta amince da wani nau'in ciwon suga mai alaƙa da rashin abinci mai gina jiki, wanda ke kama matasa ramammu, ta kira shi nau'i na 5. Asibitin da ke jiran mutum ya kai 25 ko 30 kafin ya gwada sugansa zai rasa waɗannan gaba ɗaya.

Igiya da tef

Abin da ya kamata ya raka sikeli ba shi da tsada. Ƙa'idar da hukumar ta Birtaniya ta fitar a 2022 a taƙaice take: ƙugun mutum kada ya kai rabin tsawonsa. Mai tsawon santimita 170 ƙugunsa ya tsaya ƙasa da 85, mai 160 ƙasa da 80. Ana aunawa ne a tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, ɗan sama da cibiya, bayan an saki numfashi, ba tare da an shanye ciki ba. Wanda ba shi da tef ya samu igiya, ya yanke ta daidai tsawonsa daga ƙafa zuwa ka, ya ninka biyu, ya zagaya. Idan bakin igiyar bai haɗu ba, lokacin gwada suga da jini ya yi. Ita ma wannan dabara tana da iyakarta, ba ta aiki ga mai ciki ko wanda cikinsa ya tara ruwa, amma ga mai shagon nan ta fi manhaja gaskiya.

Iyaye mata a Jigawa ma sun riga sun san wani tef ɗin, mai launin ja da rawaya da kore, wanda ake ɗaura wa yara a dantse a wuraren rabon maganin tamowa. Ga yaro daga wata 6 zuwa shekara 5, ƙasa da santimita 11.5 tamowa ce mai tsanani. Ana amfani da irinsa ga masu ciki da masu shayarwa, domin dantse ba ya girma da girman ciki. Ma'aikatan da ke wannan awo kuma ba sa sakin yaro sai sun danna ƙafarsa sun duba kumburi. Abin da aka koya a kan yara ne ba a kai shi ga manya ba.

Nan ne Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Jihar Jigawa ke da aiki. Duk babban da ya shigo ƙaramin asibiti a ƙananan hukumomi takwas na masarautar, ko da zazzaɓi ya kawo shi, ya kamata katinsa ya ɗauki nauyi da ƙugu da awon jini, da kwanan wata a gefe, ta yadda zuwa na gaba za a ga inda aka dosa. Wanda ya haura shekara 35 ko 40, ko mai tarihin suga a danginsu, a gwada sugansa ko da siriri ne kamar kara. A yankin da ciwon ƙoda ya zama abin tsoro, ɗan tsinken gwajin fitsari bai kamata ya yanke a ɗakin gwaji ba. Masu sa ido a kan shagunan magani kuma su leƙa abin da ake sayar wa 'yan mata a makonnin da ke gaban biki.

Kafin hukuma ta motsa, akwai wanda ya riga ya tara wani ɓangare na waɗannan bayanai bai sani ba. Telan unguwa na da littafin da ke ɗauke da awon ƙugun matan da yake yi wa ɗinki, da na mazan da ke ɗinka wando mai bel, daga wannan Sallah zuwa waccan. Wanda zai kai ɗinki bana ya ce a buɗe masa shafin shekara uku da suka wuce.